Shafukan da ka hura gawayi da su

Tajuddeen,

Na tafi laburare kana barci. Butar shayinka ni na lotse ta da taɓarya. Ka gode wa Allah Inna ta riƙe ni, da kanka na rotsa.

Littafin da Malama Sadiya ta zaɓa mana, wanda nake karanta wa matan da suka gudo daga Kuceri duk Asabar, shi ka yage jiya ka hura gawayi. Shafukan ƙarshe! Kuma shi kaɗai ne a laburaren.

Kana tashi ka biyo ni, ka yi musu bayani da bakinka. Matan da 'yan bindiga suka ƙone wa gidaje, ba ni zan gaya musu ƙanena ya ƙone ƙarshen labarin ba.

Yayarka,
Hanatu