Garwashi a Ƙarƙashin Minista

Sari-Tala, 19 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga mijina Esenbek,

Gaisuwa mai yawa da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya kasuwa, yaya sanyin Rasha, yaya tarin nan da ka tafi da shi? Mu nan lafiya lau. Mahaifinka, Ata, yana gaishe ka, ya ce a faɗa maka an gama shigo da ciyawar dabbobi kafin dusar ƙanƙara ta fari.

Na san abin da idonka yake nema, to bari in fara da labarinta kafin nawa. Motarka tana nan inda ka bar ta, baƙa wuluk, ta cinye rabin tsakar gida. Har yau Minista ake ce mata a ƙauye. In na fita ɗiban ruwa sai mata su tare ni: "Kenjegul, yau Minista ta fito ofis, ko tana hutu?" Ata ya ce agogonta ya wuce kilomita dubu ɗari shida da tamanin, yana faɗa yana alfahari kamar shi ya taka su da ƙafarsa. Ni dai abin da na sani, an ƙera ta a Jamus tun ina aji ɗaya, ta gama yi wa attajirai bauta sannan ta iso gidanmu a gajiye.

Baƙin mai yana ɗiga a ƙarƙashinta, na saka mata tsohuwar tasa. Gilashin gefen direba in ya sauka ba ya hawa, sai Ata ya tokare shi da itace. Usta Kubat bakanike ya zo ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ni fa tarakta na sani. Wannan in na leƙa cikinta ji nake kamar na shiga ofishin da ba a kira ni ba." Amma ya gano cewa filogi biyu cikin biyar ɗin da ke ɗumama inji sun mutu, kuma ba a samun irinsu ko a birnin Narin. Don Allah ka nema a can ka aiko.

Yanzu nawa. Na je asibiti. Cikin wata biyar ke nan, kuma yaron yana motsi, yana harbi kamar ɗan maraƙi. Likitar ta karanta takarduna, ta ga shekara shida muna jira, sau biyu muna rasawa, ta ce wannan karon kada in kuskura in haihu a gida. Asibiti, komai wuya. Ka san kilomita saba'in ne tsakaninmu da Narin, kuma lokacin zai faɗo ƙarshen Fabrairu. Motar haya Talata da Juma'a kawai take zuwa, in hanya ta yarda.

Shi ya sa nake roƙonka wani abu, ka karanta har ƙarshe kafin ka ɓata rai. Akwai wani Jumabek a Narin mai ba da hayar motocin biki. Ya ga Minista ya ƙyasa, ya ce zai ba mu ƙaramar motarsa ta Rasha, irin mai hawa dutse, a yi musaya. Mummuna ce, na yarda, ƙofarta ma da igiya ake ja. Amma Usta Kubat ya ce ko da waya da guduma zai iya tayar da ita. Ka ba mu izini.

Ka riƙa cin abinci mai zafi. Ina kewarka.

Matarka,
Kenjegul


Sari-Tala, 11 ga Disamba, 2004

Esenbek,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya kai da abokan ɗakinka. Takardarka ta iso. Na karanta ta sau uku ko zan ga wani abu daban, ban gani ba.

Ka ce mutum ba ya sauka daga doki ya hau jaki a gaban waɗanda suka san shi. Ka ce injin Jamus ba ya mutuwa. Na ji. Na kai maganar wurin Ata ko zai sa baki, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yata, motar ba tawa ba ce." Gaskiya ne ba tasa ba ce, amma na ga fuskarsa ranar da aka ɗauko amaryar ɗan hedimasta a cikinta, aka zaunar da shi a saman majalisa, aka miƙo masa kan rago. Shekara talatin yana tuƙa babbar motar gonar gwamnati ba wanda ya taɓa miƙe masa.

Ba wai ban fahimce ka ba ne. Ina nan ranar da ka shigo da ita ƙauye, mutanen da ba sa amsa gaisuwarka suka fito suna shafa ta. Ni ma ranar da aka kai ni awo na yi barci a kujerar baya, ramukan hanya ko ɗaya ban ji ba. Ba na ƙin motar nan. Tsoronta nake ji.

Bari ka ji yadda muke renonta tun da sanyi ya kama. Da magariba Ata yana ciro batir ya rungumo shi ɗaki, ya ajiye shi kusa da murhu. Wurin da ya fi ko'ina ɗumi a gidan nan batir ne yake kwana a ciki, ni ina can jikin bango. Injin kuma mun lulluɓe shi da shimfiɗar ulun da mahaifiyata ta yi mini ta aure, yanzu warin mai take yi. Man dizal in sanyi ya yi tsanani daskarewa yake kamar man shanu, sai Ata ya gauraya shi da kananzir. Da safe in cika kasko da garwashin kashin tumaki, shi ya kwanta a ƙanƙara ya tura shi ƙarƙashinta, tsoho mai shekara saba'in da ɗaya. Mu sha shayi, mu jira awa guda. Sannan ya mayar da batir, ya yi bismillah, ya murɗa makulli.

Kullum muke gwadawa, don mu san matsayinmu. Cikin kwana bakwai tana tashi biyar. Ata ya ce biyar cikin bakwai ai ba laifi. Na ce, "Ata, in ranar ta faɗo cikin biyun fa?" Sai ya fita ba wa shanu ruwa. Ga shi giyarta mai canza kanta ce, ba irin motar da samari za su tura ta tashi ba.

Likita ta ce yaron a zaune yake, ƙafa ƙasa, bai juya ba tukuna. Mun yanke shawara farkon Fabrairu zan koma gidan gwaggona a Narin in jira a can. Da so samu ne yanzu zan tafi, amma wa zai tatsi shanu, wa zai dafa wa Ata, wa zai haɗa wa Minista garwashi?

Filogin ba su iso ba. Ka ce ka ba wani mai zuwa babban birni Bishkek. Wane ne shi, a ina za mu same shi?

Allah ya tsare ka.

Kenjegul


Sari-Tala, 13 ga Janairu, 2005

Mijina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinka? Wannan gajeriya ce, mai tafiya yana tsaye a ƙofa.

Sanyin bana tsofaffi sun ce rabonsu da irinsa tun suna samari. Motar haya ba ta zo ba mako biyu. Jiya Minista ta ɗauki awa uku kafin ta tashi, shekaranjiya ba ta tashi ba sam. Na aika wa Jumabek ba da saninka ba, ka yafe mini, amma ya ce sai da sa hannunka, tunda takardun da sunanka suke.

Saura kwana goma sha tara in tafi Narin. Kowace safiya in na ji injin ya kama sai in ce a raina, da ma yau ce. Bayana yana ciwo kwana biyu, maƙwabciyarmu Saliman eje, yayar kowa mai karɓar haihuwa, ta ce nauyi ne kawai.

Ka yi mana addu'a, ba ni da abin da zan ƙara roƙonka.

Taka,
Kenjegul


Sari-Tala, 9 ga Fabrairu, 2005

Zuwa ga Esenbek,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, kuma ina fatan a zaune kake, kai kaɗai. In da mutane kusa da kai, ninke takardar ka nemi wuri.

Ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga Janairu, bayan asuba, ina cikin tatsar saniya ruwa ya fashe mini. Saura mako biyar. Na kira Ata daga garke, ya fito ko hula babu. Ya kira Saliman eje, ta kama ni ta shigar da ni ɗaki, ta duba, na ga fuskarta ta sauya. Ta leƙa ta taga ta ce, "Aksakal, dattijo, ka tayar da motar nan, wannan ba aikina ba ne."

Ban ga abin da ya faru a waje ba, jinsa na yi ta bango. Na ji Ata yana kwashe garwashin murhu kaf, har ɗakin ya fara hucewa. Bai jira awa guda ba, ina zai iya? Ya murɗa makulli, injin ya juya, ya juya, ya yi shiru. Maza suka taru. Wani ya hau doki ya nufi ƙauyen gaba neman mota. Usta Kubat ya ciro batirin taraktarsa ya kawo a kan jaki. Aka tafasa ruwa aka zuba. Na ji Ata yana ihu cewa ba a tura ta, ba a tura ta, amma suka tura ta har bakin ƙofa suka dawo da ita, don ba su da wani abin da za su yi da hannuwansu.

Ni kuwa duk lokacin da ciwon ya sake ni, kunnena yana waje. Na san muryar motar nan fiye da yadda na san taka yanzu. Ina jin yadda kowane murɗi yake fin na baya rauni. Saliman eje tana cewa, "Kada ki yi nishi, riƙe, 'yata, riƙe, yanzu za ta tashi." Na riƙe iya ƙarfina, wallahi na riƙe. Jiki ba ya jin roƙo.

Da ƙafa ta fito, wajen azahar. Kan ya daɗe bai biyo ba. Mace ce, Esenbek. Saliman eje ta murza ta, ta hura mata a baki, ta juya ta, ta sake hurawa, har ita kanta numfashinta ya ƙare. Yarinyar ba ta yi kuka ba.

Muna cikin wannan shirun injin ya kama. Ya cika tsakar gida da ƙara, lafiya ƙalau, kamar ranar da ka kawo ta. Wani a waje har ya yi tafi, bai san abin da ake ciki ba.

Jini ya ƙi tsaya mini, sai aka sa ni a kujerar baya. Minista ta kai ni Narin, kilomita saba'in, ko tari ba ta yi ba. Kwana tara na yi a asibiti. Likitar ta ce da na ƙara awa biyu da ni ma na tafi. Ba ta ce komai a kan yarinyar ba, ni ma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

An binne yarinyar kusa da mahaifiyarka. Ƙasa ta daskare, sai da suka hura wuta a wurin yini guda kafin diga ta shiga. Ban je ba, amma kafin a ɗauke ni na riƙe ta. Tana da gashi sosai, baƙi, da dogayen yatsu. Kunnuwanta naka ne, irin masu ɗan fitowa waje da nake tsokanarka da su. Ba ta kai nauyin burodi biyu ba.

Kada ka ga laifin Ata. Hannuwansa biyu sun ƙone da kaskon, har yau a ɗaure suke, ni nake ba shi shayi a baki. Ba ya iya kallon idona. Kai ma ban rubuto don in ɗora maka ba. Na yi ta neman wanda zan ji haushi, in na kama ka sai in tuna ni ce na ce shanu, na ce girki, na ƙi tafiya tun Disamba. In na kama kaina sai in tuna mako biyar ba wanda ya san da su. Na rasa inda zan ajiye abin, sai yawo nake da shi.

Dattawa sun zauna sun ce kada a gaya maka. Ka san al'adarmu, ba a aika wa mutum irin wannan labari yana nesa, shi kaɗai a ƙasar wasu. Sai ya dawo, a taru, a zaunar da shi, babba ya faɗa masa. Shi ya sa da Ata ya kira ka daga gidan waya ya ce maka kowa lafiya, lokaci ne bai yi ba. Ya dawo ya ce kana ta dariya kana lissafo masa sunaye. Na yi niyyar bin maganarsu, amma zuwa bazara da za ka dawo wata uku ne, kuma ba zan iya wata uku kana can kana zaɓen suna ba. Surukin Saliman eje ne zai kawo maka wannan a hannu, bai san abin da ke ciki ba.

Kada ka nuna wa Ata na rubuto. In ka dawo za su taru su faɗa maka yadda aka saba, ka zauna ka saurara kamar ba ka sani ba, kada ka kunyata tsohon. Amma kukan ka yi shi yau, a can inda kake, don kada ya zama ni kaɗai nake yi mata.

Matarka,
Kenjegul