Ƙarafunan Ragar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Bajamushen da nake yi wa direba a nan Doha ya nuna min hoton filin ƙwallon garinsu. Sun sabunta komai, amma tsohuwar ƙofar da kakanninsu suka gina ba su taɓa ta ba. Sai na tuna saƙonka, cewa za a gyara filin unguwarmu, a sayar wa 'yan gwangwan ƙarafunan raga.

Yaya, ban yarda ba. Marigayi Baba ne ya yi waldarsu. A kankare tsatsar, a shafa fenti, a mayar. In kwamiti ya ƙi, ka ajiye min su a zaure har in dawo.

Inna ta sa ni a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Musa