Gilashin da Ya Zube Waje

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramar, tarin ya sake ta?

Yaya, raina a ɓace yake. Ranar Talata da rana Umma ta je unguwa, aka fasa tagar ɗakinta aka ɗauke sarƙar zinarenta da agogon marigayi Baba. Sai bayan awa uku aka kira ni. Shekara tara ina aikin tattara shaida a inda aka yi laifi, kullum bakina har ya gaji da roƙon mutane kada su taɓa komai, sai ga shi a gidanmu na tarar da 'yan jaje har bakin gado. Umma kuwa ta share ɗakin tas, ta goge durowa da ruwan sabulu. Wai ba za ta bari abokan aikina su ga ɗakinta kaca-kaca ba!

Oga ya ce tunda gidanmu ne ba ni zan yi binciken ba, ya ba abokin aikina Dogo. Bawan Allah ya barbaɗa hoda ko'ina, bai samu zanen yatsan kowa ba sai na Umma. An tsare mai gadin layinmu, dattijon nan mai ɗingishi, kawai don maƙwabta sun ce shi ne yake wurin a lokacin.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Kofur

Yayata,

Ina gaisuwa, ya gida ya yara? Na gode da addu'a.

Jiya na zagaya bayan ɗakin. Yawancin gilashin tagar a waje ya zube, cikin ciyawa. In daga waje aka buga, ciki zai fi watsewa. Ƙarafan tagar kuma ko lanƙwasa su ba a yi ba, makullin ƙofa lafiya lau. Maƙwabciyar da ta fara shiga ta ce ɗakin ba wani kaca-kaca, durowa ɗaya ce a buɗe. Ɓarawon da bai san gida ba birkita komai yake yi, yana sauri. Wannan kai tsaye ya je, ga waya a kan tebur ko kallonta bai yi ba.

Mu uku ke da mabuɗi: Umma, ni, da ƙaninmu Auta. Da na yi mata maganar, sai ta ce aikin ɗan sandan nawa har kan uwata ya zo, ta juya min baya. Auta kuma wayarsa a kashe. Kaina kamar zai tsage.

Taki, Kofur

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Ni dai ga ni nan.

Umma ta faɗa min da bakinta, tana kuka. Ta ga jini a jikin tagar da hankicin Auta a ƙasa, shi ya sa ta wanke komai. Ta riƙe hannuna ta ce in rufa masa asiri, ƙanina ne, na goya shi. Na ce mai gadin fa? Ta ce ai za su gaji su sake shi.

Kwanan mai gadin biyar a tsare, Yaya. Kullum matarsa na tsaye a ƙofar ofishinmu, in na wuce har durƙusawa take ta gaishe ni. Na je na gaya wa Dogo komai. An samu Auta a ɗakin abokinsa, hannu a ɗaure da tsumma, agogon Baba a aljihu. Sarƙar ta riga ta tafi.

Da aka saki dattijon, godiya ya yi ta yi min. Na kasa ɗaga ido.

Umma ta aiko min cewa 'ya'ya biyu gare ta, ke da Auta. Don Allah ki kira ta. Kada ki kare ni, ki tambaye ta kawai ko ta ci abinci, sai ki gaya min.

Ƙanwarki har kullum,
Kofur