Tudun da Na Bayar Don Fitila

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Abdul-Fatawu Shitu, mazaunin Port Richmond, na rubuta wannan ina cikin hankalina, ba wanda ya matsa mini. Jiki ne ya gaza, likita ma ya daina ɓoye mini. Zuwa ga 'ya'yana Rashidu da Kudus da Halima Sa'adiya. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san kuna ji sarai, amsawar ce sai da Turanci, to wannan karon ku zauna ɗaki ɗaya Halima ta karanta muku.

Na ɗaya. Abin da na bari a nan a raba shi yadda addini ya ce, a gaban limaminmu. Bai kai a yi faɗa a kansa ba. Takalman aikina na roba kuwa Kudus ya ɗauka, shi kaɗai ya gaji faffaɗar ƙafata.

Na biyu, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami: tudunmu na bakin teku a gida Gana, yamma da Takoradi, inda aka binne mahaifiyarku Hussaina sa'ad da ajali ya same ta tana ziyara. Gwamnatin ƙasar ta nemi wurin don ta gina hasumiyar fitila, saboda duwatsun da ke ɓoye a ruwan gabansa. Rashidu, kai ka ce ƙasar da uwa ke kwance a ciki ba a ba hukuma. Kudus ya ce a bayar. A kan haka kuka daina gaisawa. Sallar bana kowannenku ya aiko matarsa da abinci, shi ya ƙi zuwa don kada ya tarar da ɗan'uwansa. Na zauna da kwanuka biyu a gabana, ko ɗaya ban iya buɗewa ba.

Na bayar da tudun. Tun ina raye na bayar, sadaka, don kada wani ya ce wasiyya ta wuce sulusi.

Ba ku san ƙanena Sulaimanu ba, hotonsa kawai kuka gani. Masunci ne, a kan waɗannan duwatsun kwalekwalensu ya fashe suna dawowa cikin hazo, ga gari kusa amma ba abin da zai nuna musu shi. Ba mu sami ko gawarsa ba. Daga baya, da na zo ƙasar nan, na yi shekaru ina aiki a jirgin da ke jan manyan jirage a mashigin nan namu, kuma duk ranar da hazo ya rufe muka hango 'yar hasumiyar nan da kuke gani daga jirgin fito, sai in tuna shi, hawaye su zo mini. Wani ne ya rabu da ɗan dutsen da aka gina ta a kai, shi ya sa na riƙa dawo muku gida.

Na uku. Ban bayar ido rufe ba. Halima, da yake lauya ce, ta karanta mini tsofaffin dokokin jihohin ƙasar nan da muke zaune. Jiha takan sallama wa gwamnatin tarayya fili don fitila, amma ta riƙe ikon shiga ta kamo mai laifi, wasu kuma suka ce in an daina amfani da wurin ya koma hannunsu. Na ce ashe bayarwa ma tana da dabara. Sai na kafa nawa sharuɗɗan: a bar muku ƙofa zuwa kabarin, kuma ranar da aka kashe fitilar aka watsar, tudun ya dawo gare ku. Hukumomin Gana sun yarda. Halima, ki tsaya a kan wannan.

Su ma sun kawo nasu: da zarar an kewaye wurin, ba za a ƙara binne kowa a ciki ba. Na yarda.

Na huɗu. Saboda haka kada ku ɗauki gawata zuwa gida. Ku binne ni a maƙabartar Musulmi ta New Jersey, inda muke kai 'yan'uwa. Ni da mahaifiyarku mun yi alkawarin kwanciya kusa da juna a tudun nan, kuma wallahi wannan ya fi ciwon da ke jikina zafi. Rashidu, in za ka yi fushi, da ni za ka yi, Kudus bai sa hannu a komai ba. Ni ne na fi kowa asara, kuma na haƙura.

Na biyar. Rashidu da Kudus, ku biyun za ku sauka cikin kabarina ku karɓe ni. Kada a sa baƙo ina da 'ya'ya maza. In kun fito, gida ɗaya za ku koma a karɓi gaisuwa, ku sa ƙanwarku a tsakiya.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya hana ku watsewa a ƙasar da ba ku da kowa sai juna. In kun je wurin mahaifiyarku, ku je tare, ku yi mata addu'a, ku gaya mata ba mantawa na yi ba.

Mahaifinku,
Abdul-Fatawu Shitu