Na nuna wa Kaka ƙasar Sin a cikin gem, yanzu ƙofa ta ƙi buɗewa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin, ka ɓoye sunana, in aka gane ni a Matameye sai dai in koma Dungu da zama. Don Allah ku ba ni shawara, bakina ya haƙa mini rijiya.

Shekarata goma sha shida, ina lakwal, wato makarantar boko. Yayana ya tafi cin rani Kano, ya bar mini tsohuwar wayarsa, a ciki akwai gem na tseren ƙananan motoci. Ni ba tseren ke burge ni ba, filin faɗa ne, wanda aka gina kamar ƙasar Sin: jajayen fitilu a rataye, rufin gidaje masu lanƙwasa, tafki da kifaye, ga wani ƙaton maciji mai gemu da ƙafafu ya naɗe ginshiƙi. Kowace mota da balan-balan, ana jifan juna, wanda nasa suka ƙare ya fita. A unguwarmu ba mai kayar da ni, ko da hannun hagu.

Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, Yaya bai dawo noma ba, damina ma ta yi gardama, gero ya ƙone a tsaye. Sai ya aiko cewa ya samu aiki wurin 'yan Sin. Kakarmu, wadda ta raine shi, take kiran sa maigidanta, ni kuma mijin da ba ya cefane, ta ji abin a matsayin ya tafi Sin ɗin. Rannan ta same ni ina gem ta ce mene ne wannan, shaiɗan ya ja harshena na ce ai garin su Yaya ne kai tsaye. Wallahi dariya kawai nake nema. Sai ta jawo kujera ta zauna.

Watanni ke nan kullum bayan la'asar muna yawo a Sin. In ba kuran, wato wutar lantarki, ita ke korata wurin mai sola in yi caji. Tana hana ni gudu, wai za ta ga gari, su kuwa sauran motoci suna ta rotsa ni. Ta ce su wane ne marasa tarbiyya, na ce direbobin can haka suke gaisuwa. Ta ga tafkin ta ce alhamdu lillahi, ko ba komai yana inda akwai ruwa. Macijin kuma kullum sai ta tofa masa addu'a.

Inda na kashe kaina shi ne ranar da ta ce in kai ta gidansa. Na tsaya gaban wata jar ƙofa na ce ga shi. Jama'a, ƙofar nan zane ce, ba ta buɗewa, filin ma gaba ɗaya ba shi da mafita, na yi karo da kowane bango. Kullum sai ta yi sallama sau uku, ni in ce ya tafi aiki.

Gaskiyar kuwa, 'yan Sin ɗin masu kamfanin roba ne a Kano, kuma tuni aka rage ma'aikata har da shi. Ruwa yake turawa a kura yanzu. Ni kaɗai ya gaya wa, ya sa na rantse ba zan faɗa ba, ya daina kiran Kaka don ya ce in ya ji muryarta ba zai iya ƙarya ba. Na ba shi labarin ƙofar, sai ya kashe waya.

Jiya ta yi sallamarta, ta daɗe tana kallo, sai ta tambaye ni ko wani laifi ta yi masa da yake jin ta yana ƙin buɗewa. Ba ta ci tuwo ba. Ta ce yau ba za ta tashi daga kujerar nan ba sai ya leƙo.

In na ce gem ne, za ta tambayi inda yake, ga rantsuwa a wuyana. In na ce wayar ta mutu, za ta kwana da cewa ya rufe mata ƙofa. Me zan yi? Ku taimaka da wuri, an kusa kiran la'asar, ga ta can tana goge kujerar.