Kujerar Bakin Taga

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Mu nan asibiti da sauƙi, kada hankalinku ya tashi. An yi wa Autata ƙarin ruwan maganin ciwon dajin karo na biyar. Gashinta ya zube, amma bakin yana nan, har likita take tsokana.

Ni ce dai ban gane kaina ba, zama ya gagara, tsayuwa ta gagara. Wata nas tana tara mu iyaye, wai mu rufe ido mu saurari numfashinmu. Ni na Auta nake saurare.

Shekaranjiya yaron gadon kusa da mu ya rasu. Wata huɗu muna cin abinci kwano ɗaya da uwarsa. Na rungume ta tana kuka, amma wallahi Yaya, idona yana kan kujerarta mai majingina, ta bakin taga. Ko ɗigon hawaye ban yi ba.

Ki ce Inna ta sa mu a addu'a, amma wannan kada ta ji. Allah ya bar zumunci.

A kan kujerar nake rubuto miki.

Ƙanwarki