Tumakin Baba Sale

Laraba bayan isha'i, tsakiyar damina

Har yanzu tumakin Baba Sale sun ƙi cin ciyawa. Da ruwa ya rushe gidansa ya kawo mini riƙonsu, don makarantar da aka tsugunar da shi ba a shiga da dabba. Na ɗaure su, amma da la'asar babbar tunkiyar ta tsinke igiya, ta ratsa waken maƙwabcina Malam Audu.

Ya ce, "Hajiya, tausayinki ya tsaya a bakin gonata. Ta sake, sai gidan mai unguwa."

Gaskiyarsa ce. Amma wallahi ko ganye ba ta taɓa ba. A kangon gidansu na same ta, tsaye inda turkenta yake a da.